Ɗigo Bakwai Masu Sanyi

Baba,

Ina gaishe ka, kai da Mama. Alhamis mai zuwa zan kare bincikena a gaban malaman jami'a, amma hankalina a tashe yake. Rana takan watso wani gajimare mai maganaɗisu da tsananin zafi. A cikin wanda nake nazari, na'urar tauraron ɗan'adam ta nuna ɗigo bakwai masu sanyi, kamar wani gutsure ne daga gefen rana mai ƙarancin zafi ya taho a ciki bai ɗumama ba. Farfesan da ke duba aikina ya ce na'urar ce ta yi shirme: ko in goge su, ko ya ƙi sa hannu. Ina ganin gogewa zan yi.

'Yarka, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mamarki na tambaya ko sanyin zai iso nan, ta daina kunna fanka.

Kin san aji huɗu na tsaya, shi ma malaminmu ne ya roƙe ni in tafi. Amma shekara talatin ina gyaran firij, kuma na ga ƙanƙara ta ratsa gari da tsakar rana a cikin buhu, ta isa da sanyinta. In an naɗe abu da kyau, zafi bai kai masa.

Yanzu saurara. Ba ni na ajiye aiki a ɗakin sanyin magunguna ba, korata aka yi. Allurar ma'aunin sanyi ta nuna abin da ban so, na ce ƙarya take, na ƙwanƙwasa gilashin har ta koma inda nake so, na tafi cin abinci. Alluran rigakafin yara duka suka lalace. Ga ma'auni na biyu a aljihuna, ban ciro ba.

Kada ki goge komai sai kin auna da wani. Kada kuma Mamarki ta ji wannan.

Babanki, Farfesan Firij.

Baba,

Ina gaisuwa. Na nemo awon wani tauraron da gajimaren ya bi ta kansa. Biyar cikin bakwai sun fito, da sanyinsu. Na ajiye takardun a teburin Farfesa. Ya daɗe yana kallo, ya ce in fita. Gobe Alhamis, bai sa hannu ba, ni kuma ban goge ba.

Auta.

Auta,

Gaisuwa a tsaye, direban da zai kawo miki wasiƙar na jira. Ko ya sa hannu ko bai sa ba, ki shiga da bakwai ɗinki. Mamarki ta ce tun ranar da aka kore ni ta sani, shekara goma tana jiran in faɗa.

Allah ya tsaya miki.

Babanki.