Na Ƙarshe a Hawan Pir Sohawa

Lahadi, 1 ga Oktoba

Na koma kan keke, wata bakwai bayan aikin gwiwa. Nuzhat ta rako ni har ƙofa da carbinta, sai ka ce mijinta yaƙi zai tafi. Mun haɗu a gindin tsaunukan Margalla bayan asuba, mu goma sha ɗaya. Kafin mu sha kwana ta uku a hanyar, duk sun ɓace mini. Ni Shafqat, da na shekara shida babu mai riga ni isa Pir Sohawa, can ƙolin tsaunin!

Ba kowa bayana sai Lala Mehrban. Shi ne mai shararmu, wato shi ke zuwa ƙarshe kullum don kada a bar wanda ya yi faci ko numfashinsa ya ƙare shi kaɗai cikin daji. Shekararsa saba'in da ɗaya. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya kafa dokar cewa ba a taɓa shayi a sama sai na ƙarshe ya iso. Da can haushin dokar nake ji, don ni ke jira. Yau ni aka jira, minti talatin da biyar. Zarak, wanda ya gaje mini gaba, ya ce, "Shafqat Sahib, shayin nan har ya yi aure ya haihu." Aka yi dariya. Na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Gwiwa ta kumbura. Ban gaya wa Nuzhat ba. Ta gani.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Tsohon nan ya fara isata. Manne wa tayata ta baya yake yi, tazarar ba ta fi taƙi biyu ba, alhali tafiyar kunkuru muke yi, babu wata iska da zan tare masa. Da rana ta fito na miƙa hannu zan kashe jar fitilar bayana, ya ce, "Bar ta, bar ta, tana yi wa kekenka kyau." Wane kyau?

Amma akwai daɗin hira. Ya san kowace kwana da sunan da ya raɗa mata, Kwanar Birai, Kwanar Nadama. Yana jin ƙarar sarƙata ya ce ta bushe, kuma ta bushe ɗin.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Minti ashirin da shida kawai suka jira. Ƙanshin itatuwa bayan yayyafi, babu mota ko ɗaya har sama.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

A gangara ne, ƙasa da Kwanar Birai. Wani dutse ya gangaro kan kwalta, girmansa kamar curin burodi. Na kauce, na saki hannun hagu na nuna shi da yatsa, yadda kowane mai keke ke nuna wa na bayansa. Lala da kansa ya koya mini haka shekara ashirin da suka wuce. Sai kawai na ji ƙara. Na waiga, ga shi kwance a gefen hanya, keke a kansa. Hular kwano ta tsage, gwiwar hannu ta ɗaye, amma da ikon Allah babu karaya.

Tsoro ya sa na yi masa tsawa. Na ce, "Lala, ai na nuna maka!" Ya zauna yana shafa ƙasa yana neman tabaransa, ga shi kuwa dab da ƙafarsa ta dama. Na tsaya ina kallonsa yana lalube. A nan na gane ba ya ganinsa.

Hawan jinin ido ne, shekara uku ke nan. Ya ce duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta bututu, abin da ke gabansa tsaf yake gani, gefe kuwa babu. Hannuna bai gani ba. Jar fitilata yake bi. Kafin ni, fitilar duk wanda ya gaji yake bi, shi ya sa bai taɓa yarda wani ya karɓi shara ba. Tanzila, 'yarsa, ta san yana ɗiga magani, ba ta san abin ya kai haka ba.

Ya kama rigata. "Ka ce biri ne ya gifta. Idan Tanzila ta ji, za ta sa wa keken kwaɗo. Tun rasuwar uwarta, ranar Lahadi kaɗai nake da ita, Shafqat."

Na ce wa Zarak da sauran biri ne.

Laraba, 25 ga Oktoba

Nuzhat ta tambayi abin da ke damuna. Na ce gwiwa.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ya zo da bandeji da sabuwar hula. Na daina nuni da hannu, na koma ihu. Rami hagu! Tsakuwa! Kwana dama, mai tsanani! Tun daga gindi har sama, har ƙasa. Zarak ya ce in haka ne gara in nemi aikin yaron mota. Muryata ta dushe. Lala bai ce na gode ba, paratarsa, wato soyayyar gurasarsa, kawai ya raba biyu ya tura mini rabi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Ƙafafuna sun dawo. Na ji su tun kwana ta biyu, feda na juyawa kamar da. Na hango bayan Zarak bai yi nisa ba, wani abu ya taso mini, na sauya giya na miƙe tsaye. Wallahi ban yi shawara ba, jiki ne ya tafi. Sai da na kusa kamo shi na tuna.

Na juyo. Lala na tafe shi kaɗai a hankali, kansa na juyawa dama da hagu yana neman fitilar. Ya bar tsakiyar hanya, yana bin bakin kwalta, a wurin da babu shinge, ƙasa kuwa kwazazzabo ne. Taƙi ɗaya ya rage. Na kira sunansa da ƙarfin da birai suka watse.

Ya ce, "Me ya faru? Ai ina gani."

Litinin, 6 ga Nuwamba

Wata rana zan yi atishawa, ko in kalli agogo, ko in sake mantawa. Ni ba ido ba ne, mutum ne mai son kansa.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na je wurin Tanzila a makarantar da take koyarwa. Na faɗa mata duka, har da ƙaryar birin. Ba ta yi kuka ba sai da na kai kan kwazazzabon. Ta ce, "Mamu," wato kawu, "da ka yi shiru ya faɗa, da ban yafe maka ba." Ban ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Lala ya kira. "Shekara ashirin ina bayanku, ban taɓa barin kowa a hanya ba. Kai wata ɗaya aka ba ka." Ya kashe.

Yana da gaskiya. Ni ma ina da ita.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na zo na uku. Zarak ya daki kafaɗata ya ce tsohon zaki ya farka. Muka zauna, mai shayi ya jera kofuna, kowa na kallon hanya. An ɗan jima kafin wani ya ƙirga ya ce ai mun cika. Sai a lokacin na gaya musu abin da ya hana Lala zuwa. Zarak, mai bakin nan, ya cire tabarau ya yi ta goge shi da riga.

Na uku. Wata bakwai ina mafarkinsa, ban ji komai ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Zarak ne ya samo shi, a bayan shagon wani mai gyara a garin Pindi. Keke mai sirdi biyu da feda huɗu, wasu Turawa suka bari tun tuni. Nauyi kamar jaki, launinsa kore mai muni. Mai shagon ya ce mu ɗauka aro.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Mun kai masa har gida. Ya shafa shi daga gaba zuwa baya, ya taɓa kan keken na baya, ya ji babu birki, ba ya kuma juyawa. Ya ce, "Wato buhun gari na zama, a ɗaura ni a baya." Ya shige ciki. Zarak kaɗai ya yi wa magana, ni ko kallona bai yi ba. Tanzila ta ce mu bar shi a tsakar gida.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Bai zo ba. Ni na yi shara, tunda ba wanda ya ce zai yi.

Juma'a, 1 ga Disamba

Saƙo daga Tanzila: ta tarar da shi yana sa wa sarƙar mai. Ya ce wai tsatsa ce ba ya so a gidansa.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ya zo. Tanzila ta kawo shi, keken a bayan motar maƙwabci. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Da ƙafar dama ake tashi. Ƙirga uku."

Sau biyu muna kusan faɗuwa kafin mu bar gindi. Ya zage ni tas. Wai ina taka feda kamar mai kirɓa taɓo, wai ina sauya giya ba sanarwa. Amma tsohon nan akwai ƙarfi! A Kwanar Nadama gwiwata ta so ta ba ni kunya, na ji keken na tafiya ba da ni ba. Mu ne na ƙarshe, da nisa.

A gangara na riƙe birki sosai, ina tsoro. Ya buga mini hula ta baya. "Sake shi mana, tsoho! Jana'iza muke kaiwa?" Na saki kaɗan. Ya ce ƙara. Na ƙara. Iska na kuka a kunne, itatuwa na wucewa, sai na ji ya yi shiru. Na tambaya ko lafiya. Ya ce, "Ina kallon sama ne. Shekara uku ban ɗaga kaina daga tayar wani ba." Na ce masa kwana na zuwa, ya kwanto hagu.

Bai yafe mini ba tukuna, ya faɗa da bakinsa a gindi.

Litinin, 4 ga Disamba

Na ce wa Nuzhat tuƙa Lala a keken nan na ɗan lokaci ne, kafin a samu wani ya karɓa, ni ina da gaba da zan ƙwato. Ta ce to.

Da la'asar na je Pindi, na cire sirdin kekena na tsere, na sa mai gyara ya ɗaura shi a gaban koren keken.