Sakiyar Wanzami Dudu

Wara, ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata Zuliha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya karatun asibiti? Innarki na gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu ni da boko muka rabu, babu wanda ya yi kewar wani.

Kumburin nan na ƙarƙashin kunnena da kika ce in kai asibiti, ban kai ba. Na ce hangum ne, ciwon yara. Da ya kai girman gwanda sai na kira wanzami Dudu ya yi mini sakiya.

Ƙarti huɗu suka danne ni a tabarma. Ɗangana, abokin kamun kifina, ya ɗora gwiwa a ƙirjina. Dudu ya ciro ƙarfe jajir daga wuta ya luma mini a kunci. Na ji ƙaurin namana kamar ana babbakar akuya. Jini da mugunya suka wanke masa riga. Na yi ihun da aka ji a bakin ruwa, na ciji yatsan Ɗangana har ƙashi. Yayanki Zulkiflu ya shigo ya ga jini, ya ɗauki filafilin tuƙa jirgin ruwa ya karya wa Dudu hannu.

Yanzu kuncina ya huje. In na ji ƙamshin miya, ta nan yawu ke zuba. Gefen hagu na bakina kuma ya ƙi motsi. Gobe za a kai ni asibitin Yauri a yi mini aiki. Ina jin tsoro, Zuliha. Kada ki faɗa wa innarki.

Babanki,
Basiru

Yauri, ranar Jumma'a

Zuliha,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. An yi aikin, ban mutu ba.

Likita ya ce ba hangum ba ne, wata ƙwayar cuta ce da ba su saba gani a bakin mutum ba. Yana zaton daga birgi, ragar kamun kifina, na kwaso ta. Shekara talatin ina riƙe bakin birgi da haƙori in zan jefa, ashe ni kifi ke jira ya kama.

Kumburin zai tafi. Amma ƙarfen Dudu ya ƙone jijiyar fuska, ita ba ta dawowa. Jiya na yi wa innarki barkwanci, ta dubi rabin bakina ta fita tana kuka.

In kin zo, ki zauna ta hannun damana. Ta nan nake dariya yanzu.

Naki mai taurin kai,
Baba