Tabon da ke kumatun Gwaggo

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Injin gurzar fuska ya iso Ɗanbatta yau. Sati biyu na yi a Kano wajen Anti Khaulat ina koyon aiki da shi, amma sai yau na riƙe nawa. Bakinsa kaushi-kaushi ne, yana kankare matacciyar fata yana zuƙe ta. Na gwada a damtsena. Abin da ya taru a 'yar matatar fari ne kamar garin rogo. Wai duk wannan a jikina yake, ni da nake wanka da soso kullum?

Laraba, 3 ga Yuli
Mutum uku. Duk sun tafi suna shafa kumatu.

Lahadi, 7 ga Yuli
Ranar kasuwa, shago ya cika. Na buɗe littafin da na yi rubutu a Kano, shafin waɗanda ba a yi wa: mai ƙurajen da suka nuna, mai ƙyasbi ko makero, mai rauni, mai ciwon suga, wadda man bilicin ya cinye wa fata, wadda ciwo ke warke mata da tudun tabo, da duk tabon da ban san asalinsa ba. A lokacin rubutu kawai na yi don Anti na kallona. Yau na soma tambayar kaina dalili. Wata daga garin Kunci ta zo da fuska duk rana ta ƙona wajen noman gero, na ce ta dawo bayan sati biyu. Ta harare ni ta tafi. Ban ji daɗi ba.

Talata, 9 ga Yuli
Gwaggo Hafiza ta zo. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, ita ta koya mini dilka da haɗa turare irin na kakanninmu na Barno. Ban taɓa ce mata a'a ba, ko sau ɗaya. So take in kankare mata baƙin tabon nan na kumatun hagu kafin bikin jikarta Maimunat. Na san tabon tun ina yarinya, tawadar Allah ce ƙarama kamar ƙwayar gero. Da na kai ta bakin ƙofa wajen haske, sai na ga ya kai girman gyaɗa, gefensa ba daidai ba, da ɗan ɓawo a tsakiya. Na tambaye ta ko yana jini. Ta ce wani lokaci, in tawul ya goge shi. Na yi ƙarya na ce batirin sola ya yi sanyi. Kunya nake ji har yanzu.

Laraba, 10 ga Yuli
Na tura wa Anti Khaulat hoton tabon da na ɗauka jiya. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira. Ta ce kada injin ya kusanci wajen, tabon da ke girma yana jini na likita ne. Na tambaye ta me zai faru in an gurza. Ta ce ita ma ba ta san komai da komai ba, shi ya sa ba ta taɓawa. Wannan amsar ta tsaya mini a rai.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na je gida na gaya wa Gwaggo gaskiya, ina durƙushe tana tsince wake. Ta ɗago ta ce:
"Falta, fuskar da ta raine ki ce ba ta isa injinki ba?"
Na ce ba haka ba ne, tsoro nake ji. Ta ce shekara arba'in tana gyara amare ba ta taɓa tura kowa asibiti ba. Na ce, "Gwaggo, ki yi fushi da ni, amma mu je a duba." Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Asabar, 20 ga Yuli
An yi biki. Ta shafa hoda ta rufe wajen. Ta gaisa da kowa, ni ta amsa mini da ka.

Alhamis, 25 ga Yuli
Ashe tabon ya yi jini ranar walima har ya ɓata mata mayafi. Yau da safe ta aiko wai in shirya, motar Kano ba ta jira. Ba ta yi mini magana a hanya ba, amma ta ba ni rabin dafaffiyar masararta.

Litinin, 5 ga Agusta
Yau a asibiti sun yanke tabon, sun aika gwaji. Na dami likitar da tambaya: me ya sa wani tabon ke girma wani ba ya yi, fata hawa nawa ce, ina injina yake tsayawa? Ta zana mini a bayan kati. Ashe saman sama kawai nake taɓawa, abin kuwa a ƙasa yake.

Laraba, 21 ga Agusta
Sakamako ya fito. Farkon ciwon daji ne na fata, an cire shi duka, za ta riƙa zuwa ana dubawa. Likita ta ce da an gurje shi, da ciwo kawai za a ƙara, a ɓata lokaci ana jiran ya warke. Gwaggo ta yi hamdala, ta gyara ɗaurin ɗankwali. A mota ta ce ɗinkin ya yi mata muni, yaushe zan goge mata shi. Na ce ba yanzu ba, sai likita ta yarda. Ta ce, "To." To kawai. Ni ce na rasa inda zan sa idona.

Lahadi, 8 ga Satumba
Mata biyu Gwaggo ta turo yau, ba don gyara ba, wai in duba musu fata. Ni da ba likita ba. Ɗaya na ce ta je asibiti, ɗayar ƙyasbi ne, na ce ta yi magani tukuna.
Da na dawo daga kasuwa na bi ta wajen Malama Sadiƙa, ma'aikaciyar asibitin garinmu, ta ba ni fom ɗin makarantar koyon aikin lafiya. Karantawa kawai zan yi, da shago da yara ina ni ina komawa aji. Ban cike ba. Sunana kaɗai na rubuta, da fensir.