Baba Ya Daina Tambayar Kwanan Wata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya ƙara maka buɗi, Ya raya mana zuri'a. Mu ma nan mun gode Allah. Ƙafar Baba ta yi sauƙi tun da aka canja masa magani, idon ne dai sai haƙuri, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. 'Yata ta koma makaranta, na rufe ɗakinta, sai ranar da ba aiki nake buɗewa in share. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana biyu tana ba mu tarihin ciwon bayanta, ta tafi. An gyara rufin kicin da yake yoyo. Labarin gidanmu ke nan kaf, ka ga ko rabin shafi bai ci ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a wannan zamani. Na zaɓi takarda ne saboda ita sai an yage ambulan, an zauna, an karanta. Ba ta da inda za ka taɓa da yatsa ka wuce. Ka karanta ta har ƙarshe, don ban rubuta ta cikin raha ba.

Ba sai na tuna maka al'adar Baba ba, amma zan tuna maka, don na lura tunaninka ya gajarta. Duk tsawon shekarun da ya yi yana koyar da tarihi, bai taɓa fara darasi ba sai ya rubuta kwanan wata a kusurwar allo, ya sa abu ɗaya a ƙarƙashinsa da ya faru a rana irin ta. A gida kuma akwai kalandar nan mai yagewa da ke rataye kusa da taga. Kai ne kake hawa kujera ka yago shafin jiya, ka karanta abin da ke bayan na yau kana in'ina, mu kuma muna zaune ba mai taɓa shayi sai ka gama. Mama, Allah Ya jiƙanta, tana tsaye da butar shayi tana cewa a bar yara su karya, matattun sarakuna ba inda za su gudu.

To, bayan rasuwar Mama da ka zo ka koma, sai ga saƙo ya fara shigowa wayata daga lambarka kullum da safe, mai taken A Rana Irin Ta Yau. Kwanan wata, abin da ya faru a tarihi, ranar me duniya take tunawa da ita, wani ɗan abin mamaki, sai layi biyu na nasiha a ƙarshe. Tun ranar farko na san ba kai ka rubuta ba, kai da ko takardar neman izini a makaranta ni nake rubuta maka. Amma na ɗauka aƙalla kana karantawa, ka tuna da tsohonka, ka turo da yatsanka. Da na karanta wa Baba, sai da ya sa na maimaita. Ya ce ashe yaron nan bai manta ba.

Ka san abin da saƙon nan ya zama a gidan nan? Mutumin da tun bayan Mama sai na yi da gaske yake fitowa daga ɗaki, shi ne ya koma yin wanka da wuri, ya sa riga mai guga, ya ce in miƙo masa tabaransa da ba ya yi masa aikin komai, ya zauna a kujerar bakin taga ya tambaye ni yau nawa ga wata. In karanta, ya saurara da kai a karkace. Daga nan ya ce in danna masa, ya yi maka saƙon murya, ya ƙara bayani, ya gyara abin gyarawa, a ƙarshe ya ba ka maki kamar kana ajinsa. Ranar da aka ce idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma ka ci tara cikin goma, ya ce ya koyar da jiminu da yawa a rayuwarsa, wasu ma yanzu manya ne. Ranar da ka aiko cewa duniya tana tunawa da ban-ɗaki huɗu ka samu, ya ce Auta ya rasa abin da zai gaishe da ubansa da shi da sassafe. Ya yi dariya har sai da na bubbuga masa baya.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na ci moriyar abin. Ka san aikina. Ina wuni a ɗakin karatu tsakanin kantocin littattafai, ƙarƙashin allon da ni na rubuta a kansa cewa a yi shiru, kuma jama'a sun yi mini biyayya fiye da yadda na nema. 'Yan makaranta suna shigowa ne don cajin waya. Abokin aikina yana ɗora kai a kan jarida tun hantsi. Ina goge ƙura daga littattafan da ni ce ta ƙarshe da ta are su, in dawo gida, in dafa, in ba Baba magani, in wanke kwanuka biyu da kofuna biyu. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan, matan layinmu suna gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, don ba ni da labarin da suke so, su ma ba su da wanda nake so. Wannan ɗan lokacin na safe shi ne kaɗai wani yake musu da ni a duniya. Mu yi ta ja da Baba a kan wane ne ya fara yin takarda, ko me ya sa daula kaza ta rushe. In tafi aiki da haushi, in ɗauko littafi in dawo da shi a jaka don in kayar da shi, ya ce marubucin ne bai sani ba. Wallahi da wannan musun nake samun abin tunani har yamma.

Yanzu ga maganar. Bara, ranar ashirin ga Yuli, saƙonka ya ce a rana irin ta ɗan Adam ya fara sauka a kan wata, a shekarar 1968. Baba ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya ce 1969 ne, kuma wannan ba a littafi ya karanta ba. Ya sa na danna, ya yi maka saƙon da ya fi kowanne tsawo. Ya ce lokacin yana kwalejin horon malamai, rediyon ɗakin taruwarsu ya lalace ana saura kwana kaɗan a sauka a kan watan, aka ɗora masa shi a ka aka ce ya kai wa mai gyara. Ya buga ƙofa, wata yarinya ta leƙo ta ce babanta ba ya nan, ta kalli rediyon ta kalle shi, ta ce masu son jin labarin wata ai sai su fara neman rediyon kirki. Yarinyar nan ita ce Mama. Ya ce sau uku ya koma karɓar rediyon alhali tun zuwan farko an gama gyara. Auta, na haura shekara hamsin a duniya, ban taɓa jin labarin nan ba. Ba ni ya ba wa ba, kai ya ba wa, ni riƙe waya kawai na yi. Da ya gama na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni. Ya ba ka biyar, ya ce a gyara kafin baɗi.

Da shekara ta zagayo sai ga jimina ta dawo, da idonta da ƙwaƙwalwarta, kalma bayan kalma. Baba ya gane tun layin farko, amma ya ce bita kake yi masa, malamin kirki yana bita. Ga ranar ƙudan zuma ta dawo, ga wuyan raƙumin dawa ya dawo, yana ta nema maka uzuri. Ni kuwa ina kallon Yuli yana matsowa. Da ranar ta zo na buɗe, sai ga 1968 zaune daram inda na bar ta. Na yi tunanin in gyara da bakina in wuce, amma mutumin nan shi ya koya mana kada mu karanta abin da ba a rubuta ba, kuma da ya ji muryata ta yi rawa zai gane. Na karanta yadda yake.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu. Can ya ce ɗalibin da aka yi wa gyara ya maimaita kuskuren ba daƙiƙi ba ne, ba ya cikin ajin ne. Sannan ya ce in duba masa ko ka buɗe saƙon nan na wata. Na duba. Na yi ta ja sama ina dubawa. Ba shi kaɗai ba, ko ɗaya ba ka buɗe ba. Na sha ganin alamar da ke nuna an saurari saƙo ba ta canja launi, ina gaya wa kaina wataƙila haka ka saita wayarka. 'Yata ce ta yi mini bayani daga baya, cewa wani shafin intanet ne ake yin rajista da shi, a ba shi lambar da ake so, shi ya yi ta aikawa da sunan mutum har illa masha Allah. Wato ko yatsan ma ba naka ba ne. Tsoho makaho ya fi shekara yana sa riga mai guga yana zama gaban inji yana ba shi maki.

Na san abin da za ka ce, don na san ka tun kana zanen goyo. Za ka ce da kyakkyawar niyya ka yi, ka san Baba yana son irin abin nan. Gaskiya ne, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Baƙo ba zai iya yi masa wannan ba. Sai wanda ya taɓa hawa kujerar nan ya san daidai inda zai taɓa a zuciyarsa, ya ɗana inji a wurin, ya juya ya tafi harkarsa. Za ka ce aiki, za ka ce lokacinku ba ɗaya da namu ba. Na yarda kana wahala, kuma ban ce ka gaza a sauran hidimar gida ba. Amma na karanta labarin mutanen da suka rubuta wa iyayensu daga kurkuku da bakin daga, ban taɓa cin karo da wanda aikin ofis ya hana shi sauraron ubansa ba.

Tun ranar ya ce in daina karanta masa. Ba ya zama bakin taga, ba ya tambayar kwanan wata. Na gwada kawo nawa daga wurin aiki, na zaɓo masu daɗi, har da gangan na yi kuskure don ya kama ni, ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya juya fuska bango. Sau biyu ya tambaye ni safiya ce ko yamma. Likita ya ce tsoho irinsa yana bukatar abin da zai riƙe kwanakinsa da shi, in ya saki, hankali yakan bi. Yanzu muna karyawa ba abin da ake ji sai cokali a kofi.

Na ɗauka fushi yake da kai, har ina taya shi a raina. Shekaranjiya da la'asar na dawo daga aiki na same shi a tsakar gida da takalmi a ƙafa da sanda a hannu. Ya ce in zauna. Ya laluba ya kama hannuna, ya ce in ji tsoron Allah in gaya masa gaskiya, shi ba yaro ba ne, ya binne matarsa ya binne 'yan'uwa, zai iya ɗauka. Ya ce in dai inji ne yake aiko da saƙon, to zai ci gaba da aikowa ko mai shi yana raye ko ba ya raye. Ya tambaye ni yaushe ka rasu, kuma me ya sa muka ɓoye masa.

Na rantse masa. Na kira ka a gabansa sau uku ba ka ɗaga ba, sai ga rubutu ya shigo cewa kana wurin aiki, za ka kira. Na karanta masa da murna, ya ce wannan ma inji zai iya faɗa. Na buɗe baki in kawo hujja, ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, sai na tarar ni ma ban tuna ranar da na ji muryarka ta ƙarshe ba. Ya ce ransa ba zai yarda ɗan da ya haifa yana numfashi ya yi shekara bai saurare shi ba, don haka ɗayar amsar ce ta fi kusa da hankali. Ka ji irin shaidar da ubanka yake yi maka. Ya gwammace ya yi makokinka da ya zarge ka. Tun ranar yana sa ka cikin addu'a tare da Mama, ina jin sa ta bango.

Ban ce ka dawo ba, ban ce ka aiko da komai ba. Ka kashe abin nan yau. Ka zauna ka saurari saƙonnin ubanka, ka fara da na Yulin bara. Sannan ka kira da bakinka. Kada ka turo rubutu, kada ka turo hoto, ba ya gani kuma ba zai yarda ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka nuna mata takardar nan in kana da ƙarfin hali. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da ƙanwarsa, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu ko da ba su san fuskarta ba. Kawu yana gaishe ka, Gwaggo ma haka, 'yata ta ce a gaishe da kawunta. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba, ka san dalili.

In za ka kira, ka kira da safenmu kafin in fita, ni zan riƙe masa wayar a kunnen hagu, shi ne mai ji. Ka ɗaga murya. Kada ka fara da ban haƙuri, ba zai saurara ba sai ya tabbatar kai ne. Ya ce mini ya tanadi tambayar da ba mai iya amsa ta sai kai, kuma ya ƙi gaya mini ko wace ce.

Wassalam.

Taka har kullum, ko da ranta a ɓace,
Yayarka