Da hagu nake zuba tuwo, ɗana ya ce in bar rumfata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya saba cin tuwo a tashar Magama ta Jibiya zai gane ni, kuma ban damu ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mai tuwo ce, rumfata tana bakin boda, direbobin Maraɗi da 'yan dako nake ciyarwa tun ina goyon ɗana na fari, wanda yanzu shi ma magidanci ne. Bara ina cikin kwasar tuwo mara ta suɓuce mini, na sunkuya in ɗauka hannu ya ƙi, baki ya karkace. A asibiti a Katsina aka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama. Na sha kwanciya, na sha gashin ƙashi, har ƙafa ta dawo ina ɗan janta, baki ya miƙe, hannun dama ne dai har yanzu sai a hankali.

Wallahi zaman gida ya fi ciwon cina. Kowa ya shigo sai sannu Inna, a kalle ni a girgiza kai kamar an zo ta'aziyya. Sai na zauna na koya wa hagu komai, ɗaura zani, riƙe ludayi, har kwasa. Da na ga zan iya na koma rumfata, ƙanwata tana tuƙi, ni ina zubawa ina miƙawa.

Kwanakin baya wani direba, wanda lokacin da aka rufe boda motarsa ta maƙale a nan kullum a rumfata yake ci, na miƙa masa kwano ya ture. Wai shi ba a ba shi abinci da hagu, hannun tsarki ne, a gaban mutane fa. Raina ya ɓaci, na ce masa wanda Allah ya bar mini ke nan, in yana da safayar hannun dama a motarsa ya ɗauko mini in ɗaura. Tasha ta kwashe da dariya, ya tashi fuu ya tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Ɗana ya ce an wulaƙanta ni, kuma shi ake zagi, ana cewa ya kasa riƙe uwarsa. Har ya rantse in na sake taka rumfar nan ba zai ƙara kai ni gashi Katsina a motarsa ba. Na san sona yake yi, shi ya goya ni ranar da na faɗi. Amma na tambaye shi, tuwon da yake lashe kwano a gida wane hannu ne ke kwasa masa? Malamin unguwarmu ma ya ce mai lalura ba ta da laifi.

Abin da ɗana bai gane ba, a rumfar nan hannun dama ya fara motsi. Kwanon miya ne ya tashi kifewa, ban san sanda yatsuna suka tare shi ba. A gida, in ban da kwasar tuwo, babu abin da ake barina in taɓa.

To ga ranar kasuwa ta matso, na riga na aika da masara niƙa. In fita, in riƙa jan ƙafa ina hawa motar haya zuwa Katsina, ɗana yana fushi da ni? Ko in zauna in samu gashi in koma cin sannu? Ku gaya mini gaskiya. Amma duk mai cewa in yi haƙuri in zauna, ya sani hawayen zaman ma da hagun nan zan share, don na dama bai kai fuska ba tukuna.