Layi Biyu a Shafin Baya

Abijan, 9 ga Maris 1985

Yaya Delu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Na ji an fara rabon dawa a Tawa, Allah ya sa ya kai garinmu Barmu.

Ni lafiya lau nake, tarin ma ya yi sauƙi. Dako nake yi a tashar jirgin ruwa, amma ki ce wa Inna har yanzu koyarwa nake.

Wani direba ya kawo mani jaridar nan da ta rubuta bara wai ƙungiyarmu ta dashen itace ta katange rijiyar makiyaya don ta sayar wa Turawa filin. Yanzu sun janye maganar, layi biyu a shafin baya: "Mun gano labarin ba gaskiya ba ne." Yaya, kin san gawo da bagaruwa kawai muka dasa don tare rairayi, kuma ba wanda ya zo ya tambaye mu kafin a buga. Saboda rubutun nan na bara aka sare dashenmu a yini ɗaya, jandarmomi suka kama shugabanmu Attahir, ni na gudu. Direban ya ce Attahir ya rasu a kurkuku tun da kaka.

Na yanko layi biyun na sa cikin wasiƙar nan. Don Allah ki je ki yi wa matarsa Fatimata ta'aziyya a madadina. Ki sa a karanta layukan da ƙarfi a ƙofar gidan, 'ya'yansa su ji ubansu ba maci amana ba ne.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu damina.

Ƙanenki,
Ɗangana