Yankan Hannun Riga Irin na Inna

Zuwa ga Yayata abin ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu dai alhamdu lillahi, shagon ɗinki na tafiya, keken kusa da taga ne kawai yake ta ƙara kamar kullum.

Labarin 'yarki Auta zan ba ki. Ta samo wata manhajar zana yankan kaya da wasu bayin Allah suka rubuta suka bar wa kowa kyauta, ta zaunar da ni ta tatse ni tas, har ta shigar da yankan hannun riga irin wanda marigayiya Inna ta koya mana. Yanzu kwamfuta ke zana min shi. Teloli maƙwabta suka gani, suka hana ni sakat da roƙo.

Na ce ta ba su, amma ta kulle wajen hannun rigar. Yarinyar nan ta gyara zama kamar alƙali, ta ce lasisin manhajar, wato sharaɗin da masu ita suka gindaya, bai yarda ba. Wai in a shagona kaɗai za mu yi amfani da ita, babu mai tambayarmu. Amma in muka raba, dole mu buɗe wa kowa abin da muka ƙara bisa sharaɗin da muka same ta a kai, kuma sunayen masu ita na asali su zauna daram. Ƙarinmu dai haƙƙinmu ne, da sunanmu a kai.

Gaskiya raina ya sosu, Yaya, ko almajiran shago ban taɓa nuna wa wannan yanka ba. Sai na tuna ke kin bar ɗinki, ni kuma idona ya fara gajiya, Auta ko zare ba ta iya zurawa a allura. In na ci gaba da ɓoyo, da ni za a binne shi. Na ce ta saki a intanet kowa ya samu, amma sunan Inna za ta rubuta, ba nawa ba. Ki yafe min da ban jira shawararki ba.

Shekaranjiya wata tela daga wata ƙasa ta aiko da hoton rigar da ta ɗinka wa 'yarta da yankan Inna, tana tambaya wai wace ce wannan gwana, a miƙa mata godiya. Na daɗe ina kallon kafaɗar rigar, na yi kukana, na ji daɗi ƙwarai.

Ki gaishe min da maigidan, da Babba, da 'yan biyu. Auta da Kawu suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki